Hancin Mai Humra da Beyar Dutse

Na ji abin da ɗayarku ta faɗa ranar Juma'a a bakin masallaci, kuma ba zan kama suna ba. Cewa ta yi, "Aikin Mama Rakiya ai ba wuya, shinshina jaka ne kawai." To madalla. Tunda ku ne 'yan matan da za ku karɓi aikin nan daga hannuna bana, ku zauna in ba ku labarinsa tun daga tushe, in kun ji sai ku sake auna maganar. Ban taɓa taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba, amma a shekarun nan babu ɗan Bahaushen Greensboro, garinmu na nan Amurka, da ya goya jaka ya hau duwatsun yamma sai da kayansa suka bi ta ƙarƙashin hancina.

Wankin kwalba ne aikina na farko. A Damagaram ne, gidan Goggo Hajara ƙanwar mahaifina, wadda humrarta ta yi suna har ƙetaren iyaka. Ranar da aka kai ni na zaci farcen turare za a ba ni in soya, ko gajiji in daka. Ina! Kwando ta turo mini da ƙafa, cike da tsofaffin kwalabe, wata ta magani, wata ta man gyaɗa, wata ta kananzir. Ta ce, "Ki wanke su har su manta abin da suka taɓa ɗauka." Toka, yashi, kanwa, ruwan zafi, sannan a kife su a rana. In na kai mata sai ta lumshe ido ta kai bakin kwalba hanci, ta ce, "Wannan har yanzu tana tuna kananzir. Koma." Sa'o'ina suna wasa a waje ni ina tsugune gaban kwano, yatsuna sun yi fari fat don kanwa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kafin ta yarda na taɓa sandal. Abin da take cewa kullum shi ne, wadda ba ta san kwalba mai tsabta ba, ba za ta san humra mai kyau ba, don ƙamshi a kan wari ba ya zama. A lokacin na ɗauka mugunta ce irin ta tsofaffi. Ban san a ƙasar da ban taɓa jin sunanta ba wankin kwalbar nan zai yi mini rana ba.

Da ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni garin nan, da kaskona na zo, da kabbasa, wannan kwandon da ake kifawa a kan turaren wuta a baza tufafi a kai. Muka zauna a ɗan gidan Glenwood da kuka sani, mai igiyar shanya a baya. Ina haɗa humra da turare, ina kaiwa shagon kayan abincinmu na titin da ku kuke ce wa Gate City, mu da muka riga ku har gobe High Point Road muke cewa. Ba a jima ba, in an yi suna ko walima, in na shiga zauren taro sai in ji kaina ta ko'ina. Kowace mace da irin nata haɗin. Wata tana son miski ya fito, wata tana son hawi ya danne, wata ta ce a yi mata wanda babu mai irinsa. Ina yi, kuma ba na mantawa.

Jaka ta farko da na shinshina ba da niyyar aiki ba ce. Akwai wani ɗalibi a jami'a, Malam Auwalu, mutumin Kano, siriri mai yawan haƙuri, shi ya ga yaranmu duk hutun bazara suna kwance a kujera da waya a hannu, ya ce zai riƙa kai su dutse su yi tafiyar ƙafa su kwana a tanti. Ya samo wata Baturiya mai suna Debi, wadda aikinta ke nan jagorantar mutane a daji. Aka ce kowane yaro ya kawo jakarsa zauren masallaci a duba. Na raka jikata. Debi ta buɗe jakar farko, ta yi atishawa. Ta buɗe ta biyu, ta sake yi. Kafin ta kai ƙarshen layi idonta ya yi ja yana ruwa. Ta yi wa Malam Auwalu magana a hankali, shi kuma ya juyo yana sosa ƙeya.

"Iyayenmu, ta ce kayan nan ba za su hau dutse ba. Wai ƙamshi ya yi yawa."

Wata daga baya ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma ƙamshi ne laifi? To wari take so mu sa musu?"

"Anti, ba haka ba ne. Saboda beyar ne."

Ranar na fara jin labarin beyar. Dabba ce baƙa mai gashi, ƙatuwa, in ta miƙe tsaye ta yi tsawon namiji, tana hawa bishiya kamar kyanwa. Ba farautar mutum take yi ba, hasali ma gudunsa take, amma cikinta ne ubangidanta kuma hancinta ne jagoranta. Duk abin da ya yi ƙamshi, a wurinta abinci ne sai ta buɗe ta gani. Ba ruwanta da cewa wannan sabulu ne, wannan man leɓe ne, wannan turaren Makka ne. Debi ta ce daga bayan wani dutsen take jiyo abin da mu ko a tafin hannunmu yake ba ma ji. Da Malam Auwalu ya fassara wannan, sai na ji dabbar ta burge ni. Na ce a raina, ashe akwai abokiyar sana'a a dajin.

Na tashi na bi jakunkunan ɗaya bayan ɗaya. Ban tambayi sunan kowa ba. Na ce wannan ta gidan wance ce, wannan ta gidan wane, wannan kuma an bar ta kwana a kan kabbasa. Zaure ya ɗauki dariya, don ban kuskure ko ɗaya ba. Me zai sa in kuskure? Duk nawa ne. Uwa ba ta sallamar ɗanta tafiya da kaya haka nan gayansu, sai ta turara masa riga, ta turara bargo, har safa. Na ce wa Malam Auwalu, "Gaya mata ni na sa, ni zan cire. Ta ba ni kayan."

Jakar kwana ita ce mafi taurin kai, wannan buhun mai laushi da yaro ke shiga ciki ya ja zif. Cikinta kamar auduga yake, in ya sha hayaƙin turare ya sha ke nan. Kada ku ce za ku jefa ta injin wanki da sabulun gida, don sabulun da kansa turare ne, kuma injin gidan kowace Bahaushiya ya riga ya haddace ƙamshin gidan. A baho nake jiƙa su da bekin soda, wadda ni kanwar Turawa nake ce mata, in ɗauraye da ruwan khal, wato binega, in sake ɗaurayewa da ruwa zalla, sannan igiya. Rana da iska su ne manyan ma'aikata, ni 'yar aike ce. In ta bushe sai in cusa fuskata can ƙasan buhun wajen ƙafa, in numfasa a hankali. In tana tuna wani abu, ta koma baho. Wadda ta manta kuma ba ta sake shiga gidan kowa. Akwai ɗan ɗakin katako a bayan gidana, ɗana ya gyara mini, can suke zama har ranar tafiya, kuma ko ni ba na shigarsa da kayan jikina na kullum.

Wannan shi ne abin da ban ga alamar kun shirya masa ba. Mai wannan aiki ba ta shafa komai. In lokacin tafiya ya matso, nakan rufe kwalabena in sa a akwati, in kashe kasko, in yi wanka da farin sabulu marar ƙamshi, in sa atamfar da na ware don haka. Hancin da ke zaune cikin humra ba ya jin humra. Ni da mata ke gane isowata tun ina fakin, sai ga ni na shiga taro ba a ji ba. Ƙawayena har tsokanata suke yi, "Hajiya, lafiya? Ko kasuwa ce ta karye?" In ce musu, "Aikin gwamnatin daji nake yi, ku matsa kada ku shafa mini." Ke mai fesa turaren nan na kwalba mai ruwan hoda, da ke nake. Tun kina bakin ƙofa na ji ki.

Man rana kuwa, yaƙi na sha a kansa, ba da yara ba, da iyaye. Da Debi ta ce kowa ya zo da man kariyar rana, wani Alhaji cewa ya yi, "Mu da muka yi noma a Maraɗi tsakar rana? Wannan na masu jan kunne ne." Ni ma a zuciyata haka na ce. Sai da aka dawo tafiyar farko na ga hancin jikata yana saɓulewa kamar bawon albasa, bayan wuyan samarin nan kuwa ko riga ba sa so ta taɓa. A kan dutse babu inuwar kirki, iska tana kaɗawa da sanyi, yaro ba ya jin yana ƙonewa sai ya ƙone. Daga nan na daina musu. Wasu iyayen suka ce to a shafa man kaɗanya, ai namu ne. Na fi kowa son man kaɗanya, da shi aka raine ni, amma laushin fata yake sawa, ba ya tare rana, kuma ɗanyensa yana da nasa warin da ko ni ina ji daga nesa, balle waccan ta daji.

Sai na shiga kantin magani da kaina, Malam Auwalu yana karanta mini abin da ke jikin roba, ni ina shinshina samfurin da aka buɗe. Yawancinsu kwakwa suke yi, wasu ayaba, kai ka ce abin sha ne. Akwai wanda ya karanta ya ce an rubuta babu ƙamshi, na kai hanci na ce, "An rubuta, amma an sa wani abu don ya rufe warin maganin, ga shi nan kamar furen lemo." Muka ajiye. Wanda muka tsaya a kai shi ne farin nan mai kauri, wanda ba ya ƙamshin komai sai ɗan warin alli. Aibinsa ɗaya, a fatarmu fari yake fitowa. Ranar da aka fara shafawa, yaran suka kalli juna suka fashe, wannan ya ce wa wannan fatalwa, wancan ya ce kamar an tsoma shi a garin tuwo. Wata yarinya ta ce da Turanci ita ba za ta fita haka ba. Na ce, "Wa zai gan ki a can, beyar? Ita ba ta duba kwalliya." Dabarar ita ce a ɗiga kaɗan kaɗan, a murza a tafin hannu ya yi ɗumi, a bi fuska da shi a hankali, kada a manta kunne da bayan wuya. Masu hijabi a bi har gefen da ƙyalle ya tsaya, in ba haka ba yarinya ta dawo da fuska kala biyu. A ɗora malafa, a sa riga mai dogon hannu.

Ga kuma abin da Debi ba ta taɓa tunaninsa ba sai da ta yi tafiya da namu: alwala. Yaranta na da can sau ɗaya suke wanke fuska, namu kuwa azahar a wanke, la'asar a wanke. Duk alwala man ya tafi. Shi ya sa nake ba kowane babba roba ɗaya a aljihun jaka, in an sallame a bi layi a sake shafawa kafin a ɗauki hanya. Da an sauka masauki kuma, robar ta shiga gangar nan ta ajiyar abinci. Kada ku ce ai marar ƙamshi ne. Marar ƙamshi a hancinmu ne.

Gangar nan da kuke gani, baƙa mai kauri, wadda ba a buɗe murfinta sai da bakin cokali, ita ce uwar tafiya. Abinci, man goge baki, man rana, man leɓe, shara, har cingam, duk ciki. A kai ta nesa da tanti, ta inda iska ba za ta kwaso warin ta bi ta kan masu kwana ba. Girki ma can nesa. A cikin tanti ba a yarda da komai ba sai mutum da ruwan sha. In kuma an yi kiciɓis da ita a hanya, ba gudu. Wannan sai kun maimaita wa samari, don su ne masu cika baki kuma su ne masu fara zurawa. A taru wuri ɗaya, a ɗaga hannuwa, a yi magana da ƙarfi, a ja da baya a hankali, a bar mata hanya. Namu yaran da waƙoƙin Islamiyya suke tafe a hanya don ta ji su tun daga nesa ta kauce. Debi har ta iya amshi.

Shekaru muka yi haka lafiya lau, sai shekarar da tanti ya yage.

Akwai wata mai sayen turarena, Hajiya Binta, tana zaune a Summerfield cikin gidajen nan masu faɗin fili, inda maƙwabta ke kiwon dawaki. 'Yarta ɗaya tilo, Amira, wannan dai Amirar da ke jagorantar ku yanzu. Uwar ce da bakinta ta ce in ba ku labarin, yau dariya yake ba ta. A lokacin ba abin dariya ba ne. Tafiyar Amira ta farko ke nan. Na wanke kayanta da hannuna, na shinshina, na ɗaure, na sa a mota. Suka tafi.

Sai ga su sun dawo tun kafin ranar dawowa. Abin da ya faru, sun kafa tantuna da rana, sun kai ganga inda ya kamata, suka gangara rafi ɗibar ruwa. Da suka hauro sai suka tarar da ita, rabin jikinta cikin tantin 'yan mata. Yaran sun yi abin da aka koya musu, ba wanda ya ruga, suka dunƙule suna ɗaga murya, ta fito da wani abu a baki ta shige daji. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Amma ma'aikatan gandun daji suka rufe wurin, suka kuma gaya wa Malam Auwalu cewa beyar da ta ɗanɗana abincin mutane takan dawo nema, in ta saba kuma ƙarshenta harbi. Debi ta ce ba za ta sake ɗaukar yaranmu ba sai ta san abin da ya jawo ta. Iyaye kuwa waya ta ɗauki zafi. Aka sa taro ranar Lahadi, kuma kowa ya san abin da za a yanke: a daina.

Malam Auwalu ya kawo mini yagaggen tantin a bayan gida, ya ajiye. Can ya ce, "Mama, ana cewa wai ko hanci ne ya fara gajiya."

Na ce, "Wa ya faɗa?"

"Ana dai faɗa."

"To tsaya daga can, kana warin fetur."

Na durƙusa na bi ƙyallen. Warin dabbar na nan, mai nauyi kamar jiƙaƙƙen kare. Warin ƙasa da ganye. A kusurwa ɗaya kuma, ƙuli da citta da yajin kilishi. A ƙarƙashinsu, siriri, sandal da hawi da wani ɗan ɓawon itace da nake sayowa daga wurin mutanen Chadi. Mutum ɗaya na taɓa haɗa wa wannan a duk faɗin Amurka, wadda ta ce a yi mata wanda babu mai irinsa.

Ban gaya masa ba. Na ce ɗana ya kai ni Summerfield, ya jira ni a mota. Hajiya Binta ta tare ni da fara'a, ta kawo lemo, tana ta jajanta abin da ya faru.

Na ce, "Hajiya, darduma ce ko ɗankwali?"

Ta kalli ƙofa, ta kalle ni. Sai ta ce, "Darduma."

"Da kilishi a naɗe a ciki."

"Ɗan kaɗan ne fa, Mama. A wurin fakin ɗin mota na cusa mata a ƙasan jaka, ita ma ba ta sani ba sai da suka isa, ta ji tsoron faɗa." Sai hawaye. "Abincin nan nasu na leda, kin gan shi? Kamar dusa. Yarinya za ta kwana a daji, ba abin hannuna a cikinta, ba ƙamshin gida a jikinta. Ni da zan tafi makarantar kwana, har bakin mota uwata ta biyo ni da ƙullin dambu. Yaya zan sallame ta hannu sake kamar marar kowa?"

Na so in yi faɗa, da shi na zo. Amma ina zaune sai na ga ai gaskiya ne, shekara da shekaru muna karɓe wa iyaye mata 'ya'ya a bakin mota, mun hana su turare, mun hana su guzuri, ba mu ba su komai a madadinsa ba. In ba Binta ba, da wata ce. Na kuma san in na kama sunanta a taro, ita da shiga cikin mata sai wani ikon Allah, yarinyar ma ta shiga bakin duniya. In kuma na yi shiru, an ce hancina ya mutu, Debi ta tafi, tafiya ta mutu.

Ranar Lahadi zaure ya cika. Alhajin nan na Maraɗi ya miƙe ya ce, "Mun kawo 'ya'ya ƙasar nan su yi karatu, ba su zama abincin dabba ba. A rufe maganar." Aka yi ta gyaɗa kai. Na bari suka gama, sannan na tashi.

"Na san abin da ya shiga tantin nan, na san ta inda ya shiga. Bayan ya bar hannuna ne. Guzurin uwa ne, kuma ba zan faɗi ko wace uwa ba, don duk wadda ke zauren nan ta taɓa raya wa ranta ta yi hakan. Wadda ba ta taɓa ba ta ɗaga hannu in gani."

Ba hannun da ya tashi. Wata ma dariya ta kufce mata ta toshe baki da mayafi.

Na ce, "To ga abin da za a yi. Guzuri ba a hana ba. Kowace uwa ta kawo abin hannunta, kilishi ne, dambu ne, ta sa sunan ɗanta, ta zuba a ganga da hannunta, a rufe a gabanta. Yaro zai ci can nesa da tanti, ya wanke hannu. Turare kuma ba a hana ba, an dai juya masa lokaci. Ba na tafiya, sai na dawowa. Ranar da za su sauko kowace ta zo da kaskonta bayan gidana, in mota ta tsaya ku turara su har su yi tari."

Malam Auwalu ya fassara wa Debi. Ta yi tambaya ɗaya, wa zai tsare bakin mota? Don ta ce ni ba zan iya duba jaka in kuma duba iyaye ba. Kafin in buɗe baki sai Hajiya Binta ta miƙe daga can baya.

"Ni zan tsare. Na san duk inda ake ɓoyewa. Kuma Amira da ita za a koma."

Aka juya ana kallonta. Wasu sun gane, na ga idonsu, amma suka rufa mata asiri. Da mai 'ya ɗaya tilo ta ce tata za ta koma, sauran sai kunya ta kama su. Alhaji ya ce shi dai ya faɗi nasa, ya zauna. Bazarar da ta biyo har da ɗan autansa aka tafi. Ita kuwa beyar, mun yi ta tambaya, aka ce ba ta sake leƙo wurin ba, ba a taɓa ta ba. Na ji daɗin wannan, ba ta yi laifin komai ba, aikin hancinta ta yi.

Kun dai san Hajiya Binta a bakin mota yanzu. Ba jakar yara take bincikawa ba, jakar iyaye. "Anti, buɗe. Mene ne wannan a hannun riga? Alawar madara? Ganga!" Har kakanni ba ta ɗaga wa ƙafa. Ku bar mata wannan, ba za ku iya ba.

Malam Auwalu ya gama karatunsa ya koma gida tuni, Debi gwiwa ta hana ta hawa, ni ma durƙuso gaban baho ya fara fin ƙarfina. Ga makullin ɗakin katako, ga bahon, ga igiya. Sauran abu ɗaya, shi ne awon aikinku, kuma ba ranar tafiya ake yinsa ba. Ranar dawowa, in mota ta tsaya, za ku ga iyaye sun yi layi da kasko, hayaƙi ya tashi har maƙwabta suna leƙe ta taga. Kada ku bari su riga ku. Ku tsaya a bakin ƙofar motar, duk yaron da ya sauko ku kama kansa ku shinshina, ku duba hancinsa da bayan wuyansa. In fata lafiya lau, kuma ba ku ji komai ba sai zufa da hayaƙin itace da ɗan warin allin nan, kun yi aiki. Sai ku sake shi ya tafi wurin uwarsa, ta mayar masa da ƙamshin gidansu.